Asara, karen da na saya jikka arba'in

Jama'a ku bari in ba ku labarin Asara da bakina, tunda dai duk kartiye an riga an sani, gara ku ji daga wurina kafin ku ji shi a fadar shayi an zuba masa gishiri da yaji.

Abin daga ragon layya ya faro. Bara waccan, saura kwana tara Sallah, na fito alwalar asuba sai na tarar da igiya kaɗai a turke. Balami fari tas, wata huɗu ina ɗura masa dussa da harawa, ɓarawo ya ɗauke shi ta kan katanga ko tari ba mu ji ba. Ranar Sallah naman maƙwabta muka ci, yara suna kallona ina kallon ƙasa. Tun ranar na ce sai na ajiye kare. Na je wurin limamin masallacinmu ya ce na gadi ko na kiwo ko na farauta babu laifi, amma kar ya shiga ɗaki, kuma in ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai. Uwargida ta ce ta ji ta yarda, amma wankin bakwai ɗin ni zan riƙa yi.

To ni kuma ba kowane kare nake so ba. Ba irin masu bin mahauta a kasuwar Dole ba, a'a, berje alman nake so, irin wanda ake nunawa a tele tare da jandarma, kunnuwa a tsaye, baya baƙi, in ya yi haushi ɓarawo ya tuba tun daga bakin gudro. Wani abokina ya haɗa ni da wani yaro mai wannan harkar, yaron ya ce akwai karya a gidan wani babban ma'aikaci da ta haihu, daga Yamai aka zo da ita. Ya nuna mini hotonta a portabul, ba ƙarya berje ce sak. Na ce uban fa? Ya ce "Alhaji, uban ma babba ne." Ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba balle Makka, amma Alhajin nan da ya kira ni shi ya rufe mini baki ban sake tambaya ba. Na ƙirga masa jikka arba'in, na saka kwikwiyo a kwali na ɗaure bayan moto.

Na sa masa suna Janar. Uwargida ta leƙa kwalin ta tambayi kuɗinsa, da na faɗa mata ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce "Asara." Shi ke nan fa. Har yau ɗin nan in na ce Janar ko kallona ba ya yi, amma ko a cikin hira wani ya ce an yi asara sai ka ga ya ɗago kai yana kaɗa wutsiya.

An ce mini kunnen berje yana miƙewa in ya kai wata huɗu zuwa shida, don haka kullum da safe kafin in tafi aiki sai na duba. Wata biyar, kunnen dama ya miƙe cir, har na sayi goro na raba. Na hagu kuma ya ce shi ba da shi ba, yana nan a kwance kamar ganyen kabewa da rana ta buga. Bayan kunne sai ƙafafu suka fara tsawo, tsawo dai ba na wasa ba, ƙirji ya zurma ƙasa, ƙugu ya tsuke kamar na zanzaro, haƙarƙari kuwa kana iya ƙirga su daga ƙofar gida. Kuma wallahi yana ci. Tuwo, ƙashi daga wurin mahauta, kan kifi, ragowar shinkafa, abin da yake ci a yini ya fi na ɗana na fari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a hanya ta ce "Ɗana, ka ji tsoron Allah, dabba ma tana da hakki a kanka, in ba ka iya ci da shi ka sake shi." Na rasa ta cewa. Na ɗauke shi na kai wurin likitan dabbobi, ya yi masa allurar haukan kare, ya ba shi maganin tsutsa, ya auna shi, ya zagaya shi sau biyu yana ƙunshe dariya, ya ce lafiyarsa lau, kawai in koma in tambayi wanda ya sayar mini waye uban.

Ban ma kai ga komawa ba. Akwai wani tsohon Buzu mai gadin wani depo kusa da mu, mutumin wajen Abalak, kullum yana bakin ƙofa da butar shayinsa a kan gawayi. Wata yamma na wuce da Asara a igiya, tsohon nan ya ajiye kofi ya miƙe tsaye, ya yi wa karen wata magana da Buzanci a hankali, karen da ni mai ci da shi ba ya jin maganata ya je ya zauna gabansa kamar almajiri. Ya ce "Malam, ina ka samo oska?" Na ce Baba wane oska, berje alman ne. Ya gyara rawani ya ce kai da gashin wuyan nan ban san na wa ba ne, amma ƙafafun nan da cikin nan namu ne. Ya zaunar da ni sai da na sha shayi har kofi na uku yana ba ni labari, wai a dajinsu da shi ake kamun zomo da barewa, shi ke kwana bakin tanti yana tsaron dabbobi, ramar nan halittarsa ce ko sa guda ya cinye haka zai zauna, kuma ba ya yarda da baƙo, mutanen gidansu kaɗai ya sani. Da na matsa wa yaron da ya sayar mini daga baya ya faɗi gaskiya, wai mai gadin gidan da ke manne da na ma'aikacin yana da irin karen, kuma katangar tsakaninsu ba ta da tsawo sosai.

Daren nan ban yi barci ba, na sayi forfe na shiga intanet. Ashe karen da nake jin kunyar a ce jininsa ne a gidana, sunansa a duniya Azawak, sunan kwarin Azawak ɗin nan namu da ke arewacin Tahoua har cikin Mali. Tun wajen shekarun 1970 Turawa suka fara kwasarsa zuwa Faransa da Yugoslabiya, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin rajistarta. Namiji tsayinsa yana iya wuce santimita 70 amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne kacal, gudunsa kuwa yana kai kilomita 60 a awa. Na ga hotunansa a Turai an sa masa riga saboda sanyi ana yawo da shi kamar ɗan sarki, mu nan muna jifansa da dutse.

Sai na juya wajen dangin uwa. Wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa irin a 1899, ya ga wani kare a wurin baje kolin karnuka ya saya, ya sauya masa suna zuwa Horand, ya buɗe ƙungiya, daga wannan karen aka fara rajista. Aikin ƴan sanda da na soja duk daga baya suka zo. Asalin aikinsa kiwon tumaki, ya zagaye garke, ya tattara, ya hana ko ɗaya fita. Nan fa na dafe kai, don ni na yi lakwal har na kai kolej, mushe ya koya mana berje na nufin makiyayi, amma ranar da nake ƙirga jikka arba'in Faransancin duk ya gudu.

Da a ce gadon nan ya rabu daidai da na more, a ce ya ɗauko biyayyar uwa da juriyar zafin uba. Ina! Komai a karkace ya ɗauko. Gashin Jamus mai ninki biyu ya taru masa a wuya da baya, ciki kuma fayau kamar tafin hannu. In bazara ta yi, watan huɗu da na biyar lokacin da duwatsun Birni ke tururi, rabinsa na sama ke wahala. Duk ɗan Damagaram ya san darajar ruwa a wannan lokaci, pampo sai ya kwana nawa bai ɗiga ba, na yi ta jiran ga-ruwa tun safe na samu bido huɗu da kyar na juye a babban baho, na shiga ɗaki in ɗauko canji, fitowar da zan yi sai ga Asara kwance cikin bahon, kai kaɗai a waje, ido a lumshe. Uwargida ba ta ce komai ba, soso da sabulu kawai ta miƙo mini. In hunturu ya shigo kuma rabinsa na ƙasa ke karkarwa, yana kuka cikin dare kamar jariri, har sai da na yanka tsohuwar rigar sanyina na sa masa. Ni da na yi wa Turawa dariya.

Amma babban abin kunyar bana ya faru, kuma don ƙaddara saura mako guda layya. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, na fito da moto na manta ban ja ƙofa ba, sai na ji wani abu ya wuce ni fuu. Na bi shi ina Janar Janar, da na ga ba ya ji na ajiye girman kai na koma Asara Asara a tsakiyar titi, mutane suna fitowa daga butik suna tambaya me ya ƙone. Na murɗe moto iya murɗawa, shi kuwa ko gudun gaske bai fara ba, yana yi yana waiwayena, daga nan ya sha kwana cikin lungu ya ɓace. Awa biyu ina zagaye, na kai Zango na dawo, esansi ya kusa ƙarewa, na ce to jikka arba'in ta tabbata sunanta.

Ina karyo kwanar gidanmu na ga taro. Mata da yara da dattawa, har da mai unguwa. Na kutsa na leƙa tsakar gida, awaki goma sha ɗaya da raguna biyu a cunkushe a kusurwa ɗaya sun cinye zogalen uwargida tas, Asara kwance a bakin zaure ya miƙe dogayen ƙafafun nan, duk akuyar da ta motsa sai ya tashi ya mayar da ita, duk mutumin da ya matso sai ya yage baki. Wato ƙafar uba ce ta zagaye kartiye, kan uwa kuma ya tattaro duk dabbar da ke yawo ya kawo gida. Kuma ɗaya daga cikin ragunan na liman ne, shi wanda ya ba ni fatawar. Ni da na cika unguwa da kukan an sace mini rago, ga ni da dabba goma sha uku ba tawa ba a bayan ƙofata ana saura kwana bakwai Sallah. Wani ya ce daga baya "Dama an ce horar da shi yake yi." Mai unguwa ya ce "Malam, mu dai ba mu zarge ka ba, amma ka yi mana bayani." Na fara bayanin Jamus da 1899, na ga idon mutane yana ƙara ƙanƙancewa, sai na yi shiru. Tsohon Buzun nan ne ya cece ni, ya zo ya yi wa karen magana biyu ya tashi daga ƙofa, kowa ya shiga ya ja tasa. Liman da zai fita da ragonsa ya tsaya ya dube ni ya ce "Na ce maka na kiwo ya halatta, amma naka za ya kiwata."

Bayan Sallah da kwana uku surukina ya zo daga Mirya. Ban gaya wa Asara ba, ban kuma gaya wa surukin ba. Dattijo ya ɗauki buta ya zagaya da sassafe, ya gama ya zo fita ya tarar da mai gadi a bakin makewayi. Bai cije shi ba, bai yi haushi ba, kawai in ya sako ƙafa sai ya ji gurnani ya mayar. Shi kuma kunya ta hana shi kiran sunana, ni ina ɗaki ina barci, sai gyaran murya yake ta yi har kusan rabin awa kafin ƴarsa ta ji. Da na fito a guje na durƙusa ina "Baba a yi haƙuri, Baba a gafarce ni," bai ce mini uffan ba, ya dubi karen sama da ƙasa ya ce wa ƴarsa "Wannan ne na jikka arba'in ɗin?" Azahar ba ta same shi a Zinder ba.

Ragon bana dai ya kai ranar yanka, wannan kam ba zan ci hakkin Asara ba, tare suke kwana kuma ko kyanwa ba ta taka katangarmu. Yanzu ma in akuyar wani ta ɓata sai ka ji sallama, yaro ne an aiko shi wai a duba ko tana gidan Asara, ba a ma cewa gidana.

Shekaranjiya da dare yaron nan ya kira ni, wai karyar ta sake haihuwa guda shida, ko ina da wanda ke so, zai yi mini ragi. Na ce uban fa? Ya ce "Alhaji..." Na ce tsaya, katangar nan an ƙara mata tsawo? Sai na ji rezo ya ɗauke.