Da'irar Duwatsu a Tsakiyar Gona: Me Ya Sa Aka Kafa Su?

A ƙasashe da dama na duniya, manomi yakan iske wasu duwatsu a tsakiyar gonarsa an jera su a zagaye, waɗansu a tsaye, waɗansu sun kwanta ciyawa ta rufe su, kuma babu dattijon da ya rage a yankin da zai ce ga wanda ya kafa su. Da zarar hoton irin wannan wuri ya bazu, sai kowa ya zo da nasa bayani. Wani ya ce matsafar mutanen da ce, wani ya ce wurin duban taurari ne, wani kuma ya dage cewa akwai dukiya binne a ƙarƙashi. Ni a ganina duk waɗannan sun yi gaggawa, domin siffar zagaye ita kaɗai ba ta isa ta nuna dalilin da ya sa aka yi gini ba. Shaidar da za ta nuna hakan tana cikin ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsun da kewayensu, kuma ita ce aka fi saurin lalatawa.

Inda aka yi tono a tsanake, abin da ya fi yawan fitowa shi ne alaƙar waɗannan wurare da binne mamata. A tsakanin Senegal da Gambiya akwai irin waɗannan gine-gine fiye da 1,000 a wani yanki mai tsawon kusan kilomita 350 a gefen kogin Gambiya, kuma a shekarar 2006 hukumar UNESCO ta sanya rukunoni huɗu daga cikinsu, wato Sine Ngayene da Wanar da Wassu da Kerbatch, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. An sassaƙo ginshiƙan ne daga jan dutsen marmara (laterite) da kayan aiki na ƙarfe, kuma masu tono sun samu ƙasusuwan mutane da tukwane da kan māsu a cikinsu. An ɗauki ɗaruruwan shekaru ana kafa su, tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa wajen ƙarni na 16. Al'ummar da ta yi wannan wahala a kan kaburbura tana son na baya su san cewa ƙasar tana da masu ita, kuma ina ganin wannan dalili na nuna mallakar ƙasa yana da ƙarfi fiye da yadda ake ba shi muhimmanci.

Batun sararin sama kuwa yana da tushe a wasu wuraren. Ginin Stonehenge da ke kudancin Ingila, wanda aka fara haƙa ganuwarsa wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma kafa manyan duwatsunsa bayan kusan shekara 500, yana fuskantar inda rana ke fitowa a yini mafi tsawo na shekara da inda take faɗuwa a yini mafi gajarta. A Nabta Playa da ke hamadar kudancin Masar akwai wata ƙaramar da'ira mai kimanin shekara 7,000, wadda makiyaya suka kafa a bakin wani tafki da a lokacin yake cika da damina, kuma masu bincike suna ganin ta taimaka musu wajen gane lokacin da ruwa ke gabatowa. Ga mutumin da rayuwarsa ta dogara da shuka ko kiwo, sanin juyin shekara ba ƙaramin abu ba ne. Amma a nan ne nake jan kunnen masu zumuɗi. Idan duwatsu goma sha biyu suna zagaye, duk wanda ya ja layi tsakanin biyu daga cikinsu zai iske layin ya nufi wani tauraro ko wata mafitar rana, ko da masu ginin ba su taɓa nufin haka ba. Injiniyan nan Alexander Thom ya auna ɗaruruwan da'irori a Birtaniya, ya ce magina sun yi amfani da ma'auni ɗaya mai tsawon kusan santimita 83, amma mafi yawan masana tarihin kufai ba su karɓi wannan ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a Stonehenge shi ne nisan da duwatsun suka yi tafiya. Ƙananan duwatsun an ɗauko su ne daga tsaunukan Preseli a Wales, tazarar fiye da kilomita 200, kuma binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa dutsen da ke kwance a tsakiya ya fito ne daga arewa maso gabashin Scotland. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai an tara jama'a masu yawa, an ciyar da su, an kuma samu wanda suke jin maganarsa. Saboda haka nake ganin cewa shi kansa aikin kafawar yana cikin manufar ginin, kamar yadda gayya take haɗa kan mutane fiye da gonar da aka taru a nome. Bayan an gama kuma, wurin ya zama mahaɗa ta bukukuwa da sulhu da musayar kaya.

Sai dai ba kowace da'ira ce take da wannan girma ba, kuma a gonaki masu ƙanƙanta ne suka fi yawa. A filayen arewacin Amurka da Kanada akwai dubban zobba na duwatsu waɗanda ba komai ba ne illa abin da 'yan asalin ƙasar suka danne gefen tantinsu na fata da shi, da suka tashi sai suka bar su a wurin. A lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, zagayen katangun dutse na mutanen Bokoni gidaje ne da garken shanu na 'yan ƙarnuka kaɗan da suka wuce, duk da haka an samu masu yaɗa cewa wasu halittu ne daga wata duniya suka gina su. A ƙasashen gefen tekun Bahar Rum kuwa, masussukar hatsi ta gargajiya zagaye take, an daɓe ta da dutse an kewaye ta da shi. Har ma akwai abin da ya faru a Leochel-Cushnie ta yankin Aberdeenshire a Scotland, inda a ƙarshen 2018 aka sanar da gano wata da'ira da aka ɗauka ta shekara dubbai, sai ga tsohon mai gonar ya fito a farkon 2019 ya ce shi ya kafa ta a shekarun 1990. Idan ƙwararru za su iya ruɗuwa da kallon ido kawai, to mai kallon hoto a waya ya fi kusa da kuskure.

Abin da ke raba wannan gardama ƙanana ne: gawayi da za a auna shekarunsa da gwajin kabon, tsingaron tukunya, guntun ƙashi, ramin da aka dasa dutse a ciki da ƙananan duwatsun da aka tokare shi da su. Garmar tarakta tana iya gauraya waɗannan duka a yini ɗaya, mai haƙar neman dukiya kuma ya fi ta ɓarna, domin shi tsakiyar da'irar yake nufa, daidai inda kabari yake kasancewa. A Avebury, da'ira mafi faɗi a Birtaniya, mutanen ƙauyen sun binne wasu duwatsun a ƙarni na 14, daga baya a ƙarni na 17 da na 18 aka riƙa hura musu wuta ana kwara ruwa don su tsage a yi gini da su, kuma da yawa daga cikinsu zane-zanen William Stukeley, wani masanin kayan tarihi na ƙarni na 18, ne kawai suka nuna mana inda suka tsaya.

Ban ga laifin manomin da dutse ke karya masa garma yana cinye masa wurin shuka ba, kuma hukumar da take son a kiyaye wurin ya kamata ta biya shi diyyar abin da zai rasa. Abin da nake roƙonsa shi ne ya bar ɗan fili a kewayen duwatsun ba tare da noma ba, ya ɗauki hotonsu yadda suke, kada ya tayar da wanda ya faɗi ko ya matsar da wanda ke tsaye, sannan ya sanar da gidan adana kayan tarihi ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa, su zo su duba kafin damina ta gaba.