Gargaɗin da zai tashi mai barci

A Amurka akwai wata 'yar rediyo da ake ajiyewa a gefen gado. Ba ta kiɗa, ba ta labarai. Shiru take yi har sai hukumar yanayi ta aiko da wata alama ta musamman, nan take ta kunna kanta da ƙara mai katse barci, ta ce guguwa ko ambaliya na tafe. Tashoshin da ke watsa wannan saƙo sun haura 1,000, dare da rana suke aiki, kuma kowane yanki yana da lambarsa, don kada a tashe ka kan abin da ke faruwa a wani gari mai nisa. Tun 2012 suka ƙara da saƙon gaggawa na wayar hannu, wanda turakun sadarwa ke jefa wa duk wayar da ke yankin ba sai an san lambarta ba. A 2019 aka tsawaita shi daga harafi 90 zuwa 360, aka sa harshen Sifaniyanci.

Wannan rediyo nake tunawa duk lokacin da aka ambaci Maiduguri. Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, wayewar 10 ga Satumba 2024 ruwa ya cika Gwange da Fori, ya kai har fadar Shehu. A Mokwa ta jihar Neja ma, ranar 29 ga Mayu 2025, da asuba ruwa ya afka wa unguwar Tiffin Maza, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Ba na raina aikin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya. Duk farkon shekara tana fitar da hasashen damina, har da fassarar Hausa, manoma kuma suna amfana. Amma hasashen da aka karanta a Abuja watanni kafin damina ba zai tashi uwa mai goyo da ƙarfe biyun dare ba. Ita abin da take bukata shi ne murya ta kira sunan unguwarta, ta ce ruwa ya taso, ku fita yanzu, ku nufi makaranta kaza da ke kan tudu.

Kayan aikin muna da su. Rediyo na rataye a wuyan makiyayi, tana kan teburin mai shayi, waya kuwa ta shiga kusan kowane gida. Abin da ya rage doka ce da za ta tilasta wa kamfanonin sadarwa da gidajen rediyo su katse komai idan hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta aiko da gargaɗi. Kuma a yi shi da murya, da Hausa da Kanuri da Nufanci da Fulatanci, domin da yawa ba sa karanta boko.

Na san za a ce idan aka yi ta kururuwa ruwa bai zo ba, mutane za su daina saurare. Gaskiya ne, shi ya sa sai a ware wannan ƙara don haɗarin rai kawai, a kuma gwada ta kafin damina kowa ya san sautinta. A ajiye lambar mai unguwa da ta ladan a sahun farko, tunda lasifikar masallaci tana kaiwa inda waya ta mutu saboda rashin caji.