Kyarketan Ireland da muka kalla da yarana

Na gode da kuka kawo labarin fim ɗin zane na Wolfwalkers, amma kun tsaya a kan cewa an sa shi cikin jerin masu neman kyautar Oscar, ba ku taɓo abin da ya fi kama zuciya ba. Kamfanin Cartoon Saloon na birnin Kilkenny da ke ƙasar Ireland ne ya fitar da shi a 2020, kuma a Kilkenny ɗin aka kafa labarin, a shekarar 1650, lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Cromwell suka mamaye Ireland. A fim ɗin ana sare daji, ana farautar kyarketai. Kuma hakan ya faru da gaske, har ladan kuɗi aka riƙa ba duk wanda ya kashe kyarkeci, sai da suka ƙare ƙarƙaf a tsibirin kafin 1800.

Da yarana uku muka kalla. Inda yarinyar mafarauci ta kwanta barci, jikinta na kan gado, ita kuma ta fita a siffar kyarkeci tana gudu a daji, autata ta ƙanƙame hannuna ta ce, "Baba, kar babanta ya harbe ta!" Wallahi ni ma sai da gabana ya faɗi.

Tatsuniyar ta 'yan Ireland ce, ta mutanen yankin Ossory, inda Kilkenny take, da aka ce suna rikiɗa su zama kyarketai. Nan take na tuna kakata da labarin masu rikiɗa su zama kura. Zanen kuwa da hannu aka yi shi, layukan birni a miƙe ƙyam, na daji a lanƙwashe.