Awa ɗaya a mako ba aiki ba ne

Duk sa'ad da na ji wani jami'in gwamnati ko ɗan koren jam'iyya yana bugun ƙirji cewa rashin aikin yi a Najeriya bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, raina ɓaci yake yi. Haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta rubuta: kashi 4.3 a rubu'i na biyu na shekarar 2024, wato kusan kunnen doki da Amurka a lokacin. Ita dai wannan hukumar ce ta shaida mana cewa a ƙarshen 2020 adadin ya kai kashi 33.3, mutum ɗaya cikin uku ke nan.

Me ya faru a tsakani? Masaƙun Kakuri a Kaduna suna nan a rufe, Bompai da Sharaɗa a Kano ba su farfaɗo ba. Ma'auni aka sauya. A da, duk wanda bai samu aikin awa 20 a mako ba, cikin marasa aiki ake lissafa shi, kuma sai ya cika awa 40 ake cewa aikinsa cikakke ne. Daga watan Agustan 2023 hukumar ta fara fitar da rahoto bisa sabon tsari: wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai domin lada ko riba, to ya shiga sahun masu aiki. Nan take adadin ya rikito zuwa kashi 4.1.

Za a ce ai ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ce, kowa da ita yake aiki. Na ji, amma ɗinkin wani ba dole ya zauna a jikinka ba.

A ƙasashen da gwamnati ke biyan wanda ya rasa aiki ɗan alawus, mutum zai iya zama gida wata shida yana aika takardu, don haka ƙirga irinsa yana da ma'ana. A nan wa zai ciyar da kai? Magidancin da aka sallama daga kamfani ranar Litinin, kafin Juma'a ya ari babur ya fara acaɓa, ko ya tura kurar ruwa, ko ya tsaya bakin kasuwar Singa yana jiran dako. Matarsa ta kafa kaskon awara a ƙofar gida. Ɗansa mai digiri yana zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS, wani yinin mutum huɗu ne za su ciri kuɗi a wurinsa. A littafin hukuma gidan nan masu aiki uku ne, babu mai zaman kashe wando ko ɗaya, alhali sau ɗaya suke ɗora tukunya. Talaka ba shi da halin zama babu aiki, yunwa ce ba za ta bar shi ba. Shi ya sa a cikin rahotannin hukumar kanta za ka tarar rashin aiki ya fi ƙaranci a karkara, inda talauci ya fi tsanani, ya kuma fi yawa a tsakanin waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Ma'aunin da ke ƙara yin kyau gwargwadon yadda mutane ke ƙara talaucewa, ta yaya za a ɗora manufar ƙasa a kansa?

Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiyar tana cikin rahoton, ba wanda ya ɓoye ta. Fiye da kashi 90 na waɗanda ake kira masu aiki suna ɓangaren da ba albashi tsayayye, ba fansho, ba inshorar lafiya. Masu karɓar albashi ba su kai kashi 20 ba. Kuma NBS ɗin ce a 2022 ta ƙirga mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, jihar Sakkwato na kan gaba da kashi 91. Waɗannan ba a karanta su a taron manema labarai. Kashi 4.3 ake ɗauka a yi ta yayatawa.

Irin wannan zaɓen son rai ake yi da sauran alƙaluma. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024, sai ga ta a 24.48 a Janairun 2025 bayan an sauya shekarar da ake ɗora lissafi a kai daga 2009 zuwa 2024. Sabunta kwandon kayan da ake aunawa abu ne da ya dace, an ma makara. Amma sai ka ji ana faɗi kamar farashi ya sauko da kashi goma cikin wata ɗaya, alhali mai tiyar masara a Dawanau bai ga haka ba a watan.

Bunƙasar tattalin arziki kuwa, an ce kusan kashi 3.4 a 2024. Cire ƙaruwar jama'a, wadda ta haura kashi 2 a shekara, ka ga abin da ya rage wa kowane mutum. Sannan ka tambaya ina bunƙasar take. Bankuna da kamfanonin sadarwa ne ke jan ragama, noma kuwa, wanda shi ne ke riƙe da mafi yawan mutanenmu, bai kai kashi 2 ba. Ta ina zai kai, manomi a Zamfara da Katsina sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa? Mun taɓa ganin irin wannan biki a 2014, lokacin da aka sake lissafi aka wayi gari girman tattalin arzikin Najeriya ya kai dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu. An yi shewa, kwabo bai ƙaru a aljihun kowa ba.

Sai rarar ciniki da ƙasashen waje, wadda ake faɗi da tiriliyoyin naira. Dala ɗaya tana wajen naira 460 a kasuwar gwamnati a watan Mayun 2023, ta haura 1,500 a 2024. Gangar ɗanyen mai guda, ko ba a ƙara ɗigo ba, kuɗinta a naira ya ninka uku. Kuma ɗanyen man ne har gobe kaso mafi tsoka a abin da muke fitarwa. Raguwar shigo da fetur saboda matatar Dangote ci gaba ne na gaske, ban musa ba. Amma wani ɓangare na rarar ya samu ne don ɗan Kwari da mai ƙaramar masana'anta sun kasa sayen dalar da za su yi odar kaya. Cinikin dabbobi da hatsi da ake yi ta Maigatari da Illela da Jibiya kuwa, akasarinsa ba ya shiga littafin kowa.

Ba ma'aikatan ƙididdiga nake zargi da ƙarya ba. Masu mulkin da suka mai da alƙaluma gangar kirari nake zargi, da 'yan jaridar da ke kwafe kanun rahoto ba tare da buɗe shafi na biyu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk ranar da gwamnati ta ce wa matashin Gusau cewa mutum 96 cikin ɗari suna da aiki, ta ƙara koya masa ƙin yarda da duk wata lamba da za ta fito daga bakinta, har da ta gaskiya.

Abin da ya kamata a riƙa sa wa gaba shi ne nawa ma'aikaci ke samu a wata, kuma mudu nawa kuɗin ke saya, jiha-jiha. A gaya mana mutum nawa ne cikin waɗannan masu aikin ke samun ko da naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Kuma a yi ƙidayar jama'a. Rabonmu da ita tun 2006, wadda aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta, kuma duk waɗannan kashi-kashin da ake yi mana a kan kintacen yawanmu aka ɗora su.