Wai sai ka zo da ɗan rakiya, to wanda ba shi da kowa fa?

Jama'a yau maganar asibiti ce a bakina kuma da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare ya karanta.

Akwai ayyukan da ake yi wa mutum a asibiti a sallame shi a ranar ba tare da an ba shi gado ba, irin su leƙa ciki da na'urar nan mai kyamara da ake zurawa ta baki ko ta dubura, wankin ciki bayan ɓari, gyaran gocewar ƙashi, ƙaramar tiyatar ƙaba, da sauransu. Yawancinsu sai an yi allurar da za ta sa mutum barci ko ta jefa shi cikin magagi don kar ya ji abin da ake yi. Ƙa'idar da likitoci suka yarda da ita kusan ko'ina ita ce wanda aka yi wa allurar nan ba ya tafiya gida shi kaɗai, sai da babban mutum mai hankali da zai kai shi kuma ya zauna da shi har awa 24, a cikin lokacin nan ba tuƙin mota ba tuƙin babur, ba taɓa inji, ba sa hannu a takarda ko ƙulla ciniki. Ni ba ni da ja da ƙa'idar nan ko kaɗan, daidai take. Damuwata ita ce wanda ya tsara ta da ɗan birni a ransa ya tsara, wanda ƙaninsa zai ajiye shi da mota ya dawo ya ɗauke shi, gidansu minti ashirin ne daga asibitin.

Mutane da yawa ba su san dalilin ƙa'idar ba shi ya sa suke ɗauka iyayin ma'aikata ne kawai. Ka ɗauki midazolam, wadda aka fi amfani da ita wajen leƙa ciki. Aikinta ba sa barci kawai ba ne, tana hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ya faru bayan an yi ta, sai ka ga mutum ido biyu yana amsa maka da to, to, na gane likita, amma wallahi bayan awa ɗaya ka tambaye shi me aka ce masa ba zai kawo ko ɗaya ba. Diazepam kuwa da har yanzu ake amfani da ita a wurare da yawa saboda araha, ita ta fi daɗewa a jiki, ɓurɓushinta na iya wuce kwana ɗaya yana aiki. Ketamin ita ce mai sa gane-gane da sambatu in mutum zai farfaɗo. In an haɗa da allurar kashe zafi irin su pentazocine to numfashi ma yana iya raguwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hatta maganin da ake bayarwa don karya ƙarfin midazolam da diazepam, flumazenil, ya fi su saurin ƙarewa a jiki, wato mutum zai wartsake tas a gaban nas, ya miƙe ya sa takalmi, can a hanya maganin karyawar ya gama aikinsa barcin ya sake dawowa, kuma a lokacin yana ina? Yana kan acaɓa ko a tsakiyar tasha da kuɗin motarsa a aljihun gaba.

Toh yanzu ka dubi mutumin ƙauye. Tun daren jiya an ce kar ya ci komai, ya fito bayan asuba ya hau babur zuwa bakin titi, ya jira mota ta cika, ya shigo Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri tunda na'urorin nan a manyan garuruwa suke, ya yi layin kati ya yi layin biya, ba a kira shi ba sai bayan azahar. La'asar an sallame shi, ciki ba komai, rana ta dake shi, ga allura a jiki, kuma dole ya kama motar ƙarshe saboda a wasu hanyoyin Zamfara da Katsina da Birnin Gwari ba mai hankalin da zai bari magariba ta yi masa a daji. Mota kuma kun san yadda take, huɗu a baya biyu a gaba, in amai ya taso ba wurin sunkuyawa, in ya yi barci ya lanƙwashe wuya na kusa da shi zai ɗauka gajiya ce.

Na ga wani dattijo a bencin wani babban asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, an gama masa leƙa ciki, filastar da aka liƙa inda aka cire allurar ruwa tana nan a bayan hannunsa, ya ninke takardar sakamakon ya cusa a cikin hularsa. Ya tambaye ni ta ina ake fita zuwa tasha na nuna masa, ya yi godiya ya zauna, can ya sake juyowa ya ce yaro ta ina ake fita zuwa tasha, kamar bai taɓa ganina ba. Na ce Baba wa ya rako ka? Ya ce ai yaron yana gona, shuka ake. Da na leƙa na tambayi nas ɗin sai ta ce ai da safe ya nuna musu wani ya ce ɗansa ne, ashe ɗan adaidaita sahun da ya kawo shi ne ya roƙa ya tsaya minti biyar a gan shi.

Kar wanda ya yi saurin zagin Baba. Wannan ƙaryar ƙa'idar ce ta koya masa ita, don ya san in ya ce shi kaɗai ne za a ce ya koma sai wani satin ya zo da wani, kuma kuɗin motar da ya zo da shi wataƙila akuya aka sayar. Kawo ɗan rakiya ga talakan ƙauye kuɗin mota ne ninki biyu, da abincin mutum biyu, da aikin gona ko kiwo na yini guda da aka bari. Kuma mu daina yaudarar kanmu da cewa wai a ƙasar Hausa ba a rasa mai jinya. Ana rasawa. Ɗan ci-rani da danginsa ke Maraɗi ko Damagaram, almajirin da ya girma a gari ba kowa nasa, tsohuwar da 'ya'yanta duk suna Legas, matar da ta yi ɓari mijin yana kudu kuma ba ta so maƙwabta su sani, ɗan gudun hijirar da aka tashi garinsu. Waɗannan duk suna cikin layin nan.

Su ma ma'aikatan ban ce mugaye ba ne. Nas ɗaya ce a kan mutum goma, gadajen farfaɗowa biyu ko uku, lokacin tashinta ya yi, ɗakin kwanciya a cike har ƙasa. Amsa biyu kawai tsarin ya bar mata, ko ta soke aikin ko ta kau da kai ta sallame shi, kuma duka biyun cutarwa ne, don wanda aka kora yau da ciwon ciki mai sa shi ramewa ba lallai ya dawo ba sai abin ya ci ƙarfinsa. Akwai ma'aunin da suke dubawa kafin sallama, shahararren shi ne na likita Aldrete tun 1970, wanda aka sabunta daga baya, ana duba motsi da numfashi da hawan jini da farkawa da iskar da ke cikin jini, a ba da maki cikin 10. Ma'auni ne mai kyau amma ba inda yake tambayar kilomita nawa ne zuwa gida, ko akwai sabis ɗin waya a garin, ko asibiti mafi kusa yana buɗewa da dare. Mutum zai ci 10 cif kuma ya zama bai dace a sake shi ba.

A ganina gyaran ba a ranar aikin yake ba, tun ranar da aka ba shi rana yake. Mai rubuta katin ya tambaya da Hausa kuma ba da faɗa ba, daga wane gari, wa zai rako ka, in ba kowa faɗi gaskiya ba za mu kore ka ba. In aka san haka da wuri abubuwa da yawa za su yi sauƙi. A sa shi farkon layi da safe ya samu awanni yana hutawa a gaban ma'aikata maimakon a sa ɗan cikin gari gaba don ya san wani. Leƙa ciki ta baki ma ana iya yin sa da feshin maƙogwaro kawai ba allurar barci, ba daɗi kam, akwai yunƙurin amai, amma 'yan mintuna ne kuma bayan kamar awa ɗaya in maƙogwaron ya saki mutum zai sha ruwa ya kama hanyarsa da hankalinsa, to me ya sa ba za a ba shi zaɓin ba? Wasu ƙananan tiyatocin ma kashe wurin kawai ya isa. In kuma allurar ta zama dole, to ya kwana.

Na san za a ce ina gadon. Ai ba gadon marasa lafiya yake buƙata ba, ɗaki ne mai tabarma ko katifa kusa da inda nas take, da wani mai leƙa shi cikin dare ya ga yana numfashi daidai, bai yi aman jini ba, cikin bai kumbura yana murɗa ba. A Suwidin da Norwe akwai masaukai a harabar asibiti don irin waɗannan, mu ma nan Afirka an daɗe da sanin gidajen jiran haihuwa da ake yi wa matan ƙauye kusa da asibiti, to meye wahalar ɗaki biyu, na maza da na mata? Masu kuɗinmu da ke gasar gina masallaci na uku a layi ɗaya, ga sadaka mai gudana nan tana jira. Hukumomin zakka da waƙafi ga wurin aiki. Kuma 'yan agajin ƙungiyoyinmu na addini dama suna cikin asibitoci da kakinsu suna tura keken marasa lafiya, in aka koya musu alamomin haɗari aka tsara musu kwanan karɓa-karɓa, su ne 'yan rakiyar wanda ba shi da kowa, a rubuta sunansu a fayil yadda ake rubuta ɗan uwa.

Bayanin sallama kuma dan Allah a daina yi wa mai magagi shi. A faɗa masa kafin allurar, a rubuta masa da Hausa, boko ko ajami, ko a ɗaukar masa murya a wayarsa tunda ko ƙaramar waya tana ɗauka, a sa lambar da za a kira wadda ake ɗagawa da gaske, washegari wani ya buga ya ji ya isa lafiya.

Mu kuma da ke birni, in ɗan garinku ya kira ya ce yana da ganin likita ranar kaza, kar ku tsaya a Allah ya ƙara sauƙi. Ku tambaye shi za a yi allurar barci? In eh ne ku je ku ɗauko shi ya kwana a wajenku ko a soro ne, ku karɓe makullin babur in da shi ya zo, a ba shi koko ko shayi ya fara da shi kafin tuwo, motar garinsu kuma ya hau ta gobe da safe.