Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama

Ranar 4 ga Oktoban 2016 mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Matthew ta afka wa kudu maso yammacin Haiti. Ta yaye rufin gidaje a Jeremie da Les Cayes, ta tumbuke ayaba da kwakwa, ta karya gadar Petit-Goave, hanyar mota daga Port-au-Prince ta yanke. Gwamnati ta ƙidaya gawa 546, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ce mutum miliyan 1.4 na neman agaji.

Kafin manyan motocin kaya su samu hanya, jama'a a makarantu da coci-cocin da suka tsira suka fake. Ƙananan jiragen ƙungiyar mishan ta Mission Aviation Fellowship suka yi ta jigila zuwa yankin, ƙungiyar agajin Kirista ta Samaritan's Purse, ta mai wa'azin Amurka Franklin Graham, ta kawo tamfol da matatun ruwa, domin kwalara na jira a bakin ƙofa. Yabon gwani ya zama dole: a irin wannan rana 'yan mishan sukan riga kowa isa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Faston ƙauye ya san gidan da tsohuwa take kwance, ya san wanda ya rasa akuyarsa, kuma kuɗin baikon coci a Amurka ba ya jiran zaman kwamiti. Galibin makarantun Haiti ma ba na gwamnati ba ne, da yawansu coci ke riƙe da su.

Inda nake da ja shi ne lokacin da buhun shinkafa da kiran tuba suka fito daga hannu ɗaya a rana ɗaya. Ƙungiyoyi da dama ba sa ɓoye cewa babban burinsu kafa sababbin coci-coci ne, kuma a rahoton da suke aika wa masu ba su kuɗi, adadin rufin da aka gyara da adadin waɗanda suka karɓi bishara kan zauna kafaɗa da kafaɗa. To amma mutumin da 'ya'yansa suka kwana uku ba su ci ba, in ya ce "na amince", da me ya amince? In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Wannan ba zargi ne na fatar baki ba. A 2001, bayan girgizar ƙasar El Salvador, an soki Samaritan's Purse da yin taron addu'a kafin a koya wa mutane haɗa matsuguni, alhali akwai kuɗin gwamnatin Amurka a aikin. A farkon 2005, bayan ambaliyar tsunami, ƙungiyar WorldHelp ta shelanta cewa za ta ɗauki marayu 300 na Musulmin Aceh ta rene su a gidan Kirista, sai da gwamnatin Indonesiya ta taka mata birki. A Haiti kanta, bayan girgizar ƙasar 2010, an kama Amurkawa goma 'yan Baftis, yawancinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 ba takardu. Da aka bincika, da yawan yaran iyayensu na raye. Talauci ne ya sa suka miƙa su, don an yi musu alkawarin makaranta.

Ɗan mishan zai ce bangaskiyarsa ce ta taso shi daga gida, ta yaya zai ajiye ta a filin jirgi? Yana da gaskiya. Haka kuma wanda ya binne ɗansa jiya sau da yawa addu'a yake nema kafin tamfol. Ba wanda ya ce a ɗinke bakin mai wa'azi. Abin da ake cewa shi ne kada layin karɓar abinci ya bi ta ƙofar coci. Kuma Kiristoci da kansu suka ja wannan layi: ƙa'idar aiki ta 1994 da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji, har da na coci, suka amince da ita ta hana amfani da agaji don tallata addini ko siyasa. A 2011 Majalisar Coci-coci ta Duniya da fadar Vatican da ƙawancen Ikklisiyoyin bishara na duniya suka fitar da takarda guda da ke cewa cin moriyar talaucin mutum ba shi da gurbi a wa'azi.

Mu ma mun san wannan labari. Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan shiga masarautun Arewa, sai a ƙarshen shekarun 1930 kuturta ta buɗe wa ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ƙofa, ta karɓi asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. An yi wa waɗanda dangi suka guje wa magani, wannan ba ƙaramin alheri ba ne, amma an bar zargin jan majinyata zuwa Kiristanci da har yau bai gama gushewa ba. Asibitin SIM na Galmi a Nijar kuwa tun 1950 yake aiki, mafi yawan majinyatansa Musulmi ne, kuma suna ta zuwa. Ma'aunin nan ɗaya ne ga ƙungiyar Musulunci da za ta kai hatsi garin da ba Musulmi ba.

Ni in zan auna ƙungiyar agaji bayan guguwa, ba yawan jiragenta zan duba ba. Takardar sunayen masu karɓa zan nema, in ga wa ya rubuta ta. In fasto ne kaɗai ke riƙe da alƙalami a wani ƙauye na bayan Jeremie, zan so in ga ko sunan ɗan Katolika na ciki, da na bokan Vodou, addinin gargajiyar Haiti, da ke ƙarshen gari, wanda shi ma iska ta tafi da kwanon ɗakinsa.