Soyayya a kicin ɗin talbijin: abin da kyamara ba ta ɗauka

Akwai wani reshe na littattafan soyayya na Kirista, wanda kasuwarsa ta fi ƙarfi a Amurka, da masu nazarin adabi suka saba yi wa kallon hadarin kaji. Ina nufin labaran nan masu raha waɗanda jarumarsu take gabatar da shirin girki a talbijin, ko ta shiga gasa, sai a haɗa ta aiki da wani kukun da jininsu bai haɗu ba, su yi ta sa-in-sa har ƙauna ta shiga tsakani. A ganina wannan raini bai dace ba, domin marubutan sun dace da fagen da ya yi daidai da tambayar da addininsu yake yi wa mutum.

Girkin talbijin ya daɗe da zama duniya mai zaman kanta. Julia Child, shahararriyar mai koyar da girki, ta fara shirinta a Boston a 1963, BBC ta fito da MasterChef a 1990, aka buɗe tashar Food Network a Amurka a 1993, sannan gasar The Great British Bake Off ta zo a 2010 ta nuna cewa ana iya yin takara ba tare da zagi ko hantara ba. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanin Harlequin ya ƙaddamar da jerin littattafansa na Love Inspired a 1997 domin masu son labarin soyayya mai tsabta da tsoron Allah. Haɗuwar waɗannan biyun ba abin mamaki ba ce.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake shirya irin wannan shiri. Mai gabatarwa takan zuba ƙullun kek a faranti, ta saka a tanda, bayan ɗan lokaci kaɗan ta ciro wanda ya gasu sarai, alhali wasu ma'aikata ne suka gasa shi tun da farko a wani kicin da ke bayan fage, kuma mai kallo ba zai taɓa ganin fuskarsu ba. A gasa kuwa, kafin a gama gyara fitilu da maimaita ɗauka, abincin da alƙalai za su ɗanɗana yakan huce. Mai kallo ba ya jin ƙamshi, ba ya jin ɗanɗano. Ido kawai ake ciyarwa. To, wane wuri ne ya fi wannan dacewa da labarin macen da miliyoyi suke yaba wa murmushinta, amma ta san zuciyarta cike take da tsoro da kishi? Sura ta 6 ta Linjilar Matiyu ta yi gargaɗi a kan yin aikin kirki don idon mutane, kuma jarumar da hanyar cin abincinta ta dogara ga idon mutane ba za ta iya kauce wa wannan gargaɗi ba.

Haka kuma, marubucin Kirista ba baƙo ba ne a wurin murhu. A Luka sura ta 10, Marta ta shagala da hidimar baƙi har ta kai ƙarar 'yar'uwarta Maryamu wurin Yesu, kuma kusan kowace jarumar waɗannan littattafai jikar Marta ce. A Yohanna sura ta 21, sai da Yesu ya ciyar da almajiransa kifi da burodi a bakin teku kafin ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, mutumin da ya yi musun saninsa sau uku. Abinci ne ya share hanyar sulhu.

Masu suka suna cewa tun daga shafin farko an san aure za a yi. Gaskiya ne, amma mai karatu ba sakamakon yake nema ba, yana son ya ga yadda masu girman kai biyu za su koyi neman gafara. Sukar da na yarda da ita daban ce. Wasu marubutan suna barbaɗa addini a kan labari kamar yadda ake ƙawata faranti da ganye: addu'a ɗaya a babi na ƙarshe, ko jarumin da ya tuba cikin dare ɗaya don kawai a samu a ɗaura aure. Wannan yana ɓata mini rai, domin shi ne ainihin riyar da ya kamata labarin ya tona. Raha ba ta hana gaskiya, kuma ana iya sa mai karatu dariya a kan miyar da ta ƙone a gaban kyamara, a kuma bar jarumar ta ɗauki laifinta maimakon ta ɗora wa ƙaramin ma'aikaci, ko da hakan zai jawo mata rasa shirin.

Babin da nake nema a kowane irin wannan littafi shi ne wanda aka kashe fitilu, furodusa ya tafi gida, aka bar mutanen biyu da tarin tukwane suna wanke-wanke, babu mai kallonsu.